Kafin Su Dawo Daga Tsibiri

"Ni fa ba inda za ni," in ji Hajiya Kaltume, ta sa ƙafa ta ture akwatin gefe. "In bar 'ya'ya shida a gida in tafi kallon ruwa? Wane irin ruwa ne ban gani ba a kogin garinmu?"

Turai, babbar 'yarta, ta jawo akwatin ta ci gaba da ninke zannuwa tana jerawa. Shekararta ashirin da uku, tana koyarwa a makarantar firamare a nan Birnin Kudu, amma har yau ba ta iya haɗa ido da uwarta.

"Inna, don Allah ki je."

"Ke ma korata kike yi?"

"Ba kora ba ce. Yaushe rabon da ki zauna da Baba ku biyu, ba mai sallama, ba mai leƙe? Da safe direbobi, da rana 'yan kasuwa, da yamma Gwaggo. Can kuwa an ce ba mai jin Hausa. In magana ta ci shi, dole da ke zai yi."

Hajiya ta gane inda aka dosa.

A shekarar 1976 ne, lokacin da motoci suka cika hanyar Kano zuwa Maiduguri. Alhaji Hambali, mahaifin Turai, shi ne babban dillalin taya a yankin. Kamfanin da yake sayar wa kaya ya zaɓi manyan dillalansa goma, kowa da matarsa, za a kai su hutun mako uku a wani tsibiri da ake kira Morishas, can tsakiyar teku. Takardar ta faɗa ƙarara cewa ban da yara.

Tafiyar ta zo ne gida na cikin damuwa. Sau uku iyayen Iliyasu, malamin dabbobi na Gwaram, suna zuwa neman auren Turai, sau uku ana sallamarsu daga bakin zaure. Ba wanda ya taɓa kama Iliyasu da wani aibu. Laifinsa ɗaya ne, ubansa mahauci ne. Gwaggo Barira, yayar Alhaji, ita ta rantse jininsu ba zai haɗu da na mahauta ba. Alhaji kuwa bai taɓa tsallake maganarta ba, don ita ta raine shi tun yana maraya. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "A bari sai na dawo."

"Kin san ke 'yar fari ce," in ji Hajiya, murya ƙasa-ƙasa. "Ko sunanki ban taɓa kamawa ba. Yanzu in buɗe baki in ce wa ubanki ga wanda 'yata take so? Wace kunya ce za ta rage mini?"

"A nan ne za a ji, Inna. A tsakiyar teku wa zai ji?"

Hawaye ya ɗiga a kan zanen da ke hannunta. Hajiya ta daɗe tana kallon ɗigon, sannan ta fizge zanen.

"Kin jiƙa min atamfa. Miƙo wancan shuɗin, shi ubanki ya fi so."

Ranar Talata direba ya kai su filin jirgin sama na Kano. Kafin ya dawo, Gwaggo Barira ta riga ta tare a ɗakin Hajiya da buta da carbinta, don ita aka bar wa riƙon gida.

Kwana biyar aka yi lafiya. A na shida, Turai ta taso daga makaranta ta tarar da wata farar Marsandi a ƙofar gida. Ta Alhaji Maikuɗi ce, ɗan kwangilar da ke gina sababbin ofisoshi a gari, wanda Gwaggo ta daɗe tana yi wa sha'awar Turai. A tsakar gida kuwa ga akwatuna uku an buɗe, maƙwabta sun kewaye suna ɗaga leshi suna guɗa.

Turai ta tsaya cak, littattafan yara a ƙirjinta.

"Gwaggo, kayan wa ne?"

"Naki ne, 'yar nan. Na-gani-ina-so ne. Je ki wanke fuska, mutumin yana zaure."

"Wa ya karɓa?"

Ɗaya bayan ɗaya matan suka soma neman takalmansu.

"Ni na karɓa," in ji Gwaggo. "Ko ban isa ba?"

Turai ta wuce ɗaki. Gwaggo ta bi ta, ta saki labule.

"Tashi ki fita ki gaishe shi."

"Gwaggo, ki yafe mini, ba zan fita ba. Baba cewa ya yi a bari sai ya dawo."

"Baban naki da wannan hannun na yi masa wanka! Yana shekara shida uwarmu ta rasu. Ƙuli-ƙuli na soya na ciyar da shi, aure biyu na ƙi saboda kada a wulaƙanta min shi. Yau ke za ki gaya mini abin da ya ce?"

"Na sani, Gwaggo. Wallahi na sani."

"Ba ki sani ba." Sai ga Gwaggo ta zauna a bakin gado, idanunta sun cika. "Ke kina ganin ƙinki nake yi. Ni ban haifa ba, ke ce 'yata. Na san bakin mutanen garin nan. Ranar da kika haihu, a gidan suna za ki ji wata ta toshe hanci tana cewa ina ƙarnin jini ke fitowa. 'Ya'yanki za su je makaranta a riƙa yi musu waƙa. Kina jin zan iya zama in ga haka?"

Turai ta durƙusa ta kama ƙafarta tana kuka.

"Gwaggo, naman da muke ci kullum wa ya yanka? Ran Sallah wa muke jira a ƙofar gida da wuƙarsa? In sun shigo mu ce sannu da zuwa, in sun nemi 'yarmu mu ce suna ƙarni? Shekara biyu na san Iliyasu, bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa ɓoye sana'ar ubansa ba. Ranar farko ma da ita ya fara."

"To shi Maikuɗi me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Sau ɗaya muka yi magana, tun daga sallama har ban kwana labarin siminti yake ba ni. Ko sunan makarantar da nake koyarwa bai tambaya ba."

Gwaggo ta janye ƙafarta, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kaya dai sun shigo. Ba a mayar da kaya daga gidan nan ina raye."

Kwana goma sha biyu da tafiyar iyayenta, ranar kasuwar Gwaram, Turai ta ce za ta je can gaida kakarta ta wajen uwa. Gwaggo ta harare ta, amma ba ta da hujjar hanawa. Turai ta shiga ƙaramar bas cike da mata da kaji. Kwana bakwai ke nan ba wasiƙa daga Iliyasu.

Kakar da kanta ta aika a kira shi daga kara, kasuwar dabbobi, inda yake duba shanu. Bayan la'asar sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ya shigo zaure, dogo, siriri, da farar rigar aiki. Ya zauna can nesa a ƙarshen tabarma.

"Malama, ina wuni?"

"Malama? Yau kuma ni ce Malama?"

Ya zaro takarda daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu.

"Na rubuta neman canjin wurin aiki. Gumel nake so a kai ni. Gobe zan miƙa."

Turai ta dubi takardar, ta dube shi.

"Saboda akwatunan?"

"Duk kasuwa an ji. Da safen nan wani ya tsaya a rumfar Baba yana sayen nama, ya ce, 'Malam Ishiyaku, ashe an kasa ku.' Mutane suka yi dariya. Turai, Baba ya haura saba'in. Sau uku yana sa babbar rigarsa yana hawa mota saboda ni, sau uku yana dawowa da goronsa a hannu. Bai taɓa ce mini uffan ba. Yau da mutumin nan ya tafi, na ga hannunsa yana rawa a kan wuƙa. Ba zan sake kai shi ƙofar kowa ba."

"Ni ban karɓi komai ba! Ko kallon kayan ban yi ba!"

"Na yarda. Ban taɓa zarginki ba." Ya juya fuska wajen bango. "Amma in na zauna a nan, kullum sai na bi ta hanyar Birnin Kudu. Ba zan iya ba."

"To ni fa? Kai ka tafi Gumel, ni a bar ni da wa? Ka san abin da na sa Inna ta yi? Matar da ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai Makka, na sa ta bar ƙannena biyar ta hau jirgi, ta ajiye kunyar 'yar fari, don ta yi magana a kanka. Yanzu haka ban san ko ta samu bakin yi ba. Kai kuma za ka gudu kafin ta dawo?"

Iliyasu ya juyo. Bai san da wannan ba.

"Hajiya da kanta?"

"Da kanta." Ta share fuska da tafin hannu, wani hawayen ya sake zubowa. "Kwana tara ya rage. Ban ce ka kawo Baba ba, ban ce ka zo ba. Ka riƙe takardar nan kwana tara. In sun dawo aka ce a'a, ni da hannuna zan liƙa maka kan sarki."

Ya daɗe yana kallon takardar. Daga waje ana jin kukan shanun da ake korawa gida daga kasuwa.

"In aka ce a'a, me za ki yi?"

"Zan bi maganar Baba, ba zan kunyata shi ba. Amma ba zan auri Maikuɗi ba, ko zan tsufa ina riƙe da alli."

Ya ɗauki takardar ya ninke ta huɗu, ya mayar aljihu.

"Kwana tara," ya ce. "Allah ya sa Hajiya ta fi mu baki."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka.

Ranar Talata da azahar motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gida. Yara suka fita da gudu suna ihu. Abin da ya sa maƙwabta suka saki baki shi ne, Alhaji Hambali ne ya fito riƙe da jakar hannun matarsa, yana ce mata ta yi hankali da kwata. Hajiya ta yi duhu, ta yi ƙiba, tana rungume yaran tana ƙirga su kamar wani zai ɓace.

Alhaji ya shiga tsakar gida yana fara'a, sai idonsa ya sauka a kan akwatuna uku a rumfa.

"Waɗannan fa?"

"Na Maikuɗi ne," in ji Gwaggo. "Ka huta tukuna, ma yi magana."

Fara'ar ta ɗauke. Ya shige ɗakinsa.

Turai ta kasa cin abinci. Sai da gari ya waye, masu sannu da zuwa ba su fara shigowa ba, Hajiya ta kira ta taya ta kwance tsaraba.

"Inna..."

"Riƙe nan. Wannan kwakwa ce, can kamar ƙasa take." Hajiya ta ci gaba da fito da kaya ba ta kalle ta ba. "Ke, ruwan nan ba irin namu ba ne. Shuɗi ne shar, ba ka ganin ƙarshensa. Rairayin fari kamar garin tuwo. Ranar farko ubanki ya ƙi cire takalmi. Rana ta uku sai ga shi ya naɗe wando yana gudu igiyar ruwa na bin sa, hularsa ta faɗi ruwa ya tafi da ita. Shekara ashirin da biyar ina gidansa, ban taɓa sanin yana dariya har ya riƙe ciki ba."

"Inna, kin yi maganar?"

"Ki bari in kai. Mako guda bai ci nama ba, sai kifi, don bai san wa ya yanka ba. Ran Juma'a aka nuna masa masallaci, ashe da Musulmi a can. Ana idarwa wani dattijo ya kama hannunsa, ba Hausa ba Turancin kirki, ya zo har masauki ya ɗauke mu zuwa gidansa. Aka yi mana shinkafa da naman rago. Matarsa ta ba ni wannan turaren. 'Yarsa likita ce, ɗansa shi ya yi kiran salla. Da za mu tafi ya buɗe wata ƙofa ya nuna mana shagonsa yana alfahari. Sai ga ƙugiyoyi da nama a rataye."

Turai ta dafe ƙirji.

"Mahauci ne?"

"Mahauci, ɗan mahauci. Ubanki bai yi magana ba har muka koma. Da safe muna zaune a bakin ruwa, ba kowa sai tsuntsaye, na ce a raina, Kaltume, in ba yau ba sai yaushe? Na ce, 'Alhaji, mutumin da ya ciyar da kai jiya, da ɗansa zai zo zaurenka, korarsa za ka yi?' Ya ce in yi shiru. Na ce ba zan yi ba, shirun shekara ashirin da biyar ya isa. Na ce..." Hajiya ta tsaya, ta sunkuyar da kai. "Na ce Turai ba ta barci. Na kama sunanki da bakina, ƙasa ba ta tsage ba."

Turai ta faɗa jikinta tana kuka. A karo na farko tun tana ƙarama, uwar ba ta ture ta ba.

"Me ya ce, Inna?"

"Cewa ya yi, 'Yaya Barira fa?' Daga nan bai ƙara ba. Ni dai na yi nawa."

Ba ta rufe baki ba suka ji muryar Alhaji a tsakar gida yana kiran direba.

Suka leƙa ta labule. Alhaji ya sha babbar riga fara, ya tsaya a gaban Gwaggo, ita kuma tana zaune a kan tabarma da carbi.

"Ƙasimu," ya ce wa direban, "kai akwatunan nan gidan Alhaji Maikuɗi. Ka ce ina gaisuwa, zan zo da kaina in yi masa bayani. Ka dawo maza, Gwaram za mu."

Carbin ya faɗi daga hannun Gwaggo.

"Gwaram? Wurin wa?"

Alhaji ya tattare riga ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, abin da yaran gidan ba su taɓa gani ba.

"Yaya, wurin Malam Ishiyaku za ni. Ba aure zan kai masa ba, uban mace ba ya kai aure. Haƙuri zan ba shi. Dattijo ya zo ƙofata sau uku ko ruwa ban ba shi ba. Ni kuwa na je ƙasar da ba wanda ya san ubana, aka shimfiɗa mini tabarma ba a tambaye ni asalina ba. Na ji kunya, Yaya. In ya haƙura ya sake turowa, zan karɓa."

"Hambali, in ka taka ƙofar mahauta, yau zan bar maka gidanka."

"To sai in biyo ki duk inda kika tafi in kwana a ƙofa. Ke ce uwata, ba ni da wata. Lokacin da kike yawo da farantin ƙuli-ƙuli, kin manta abin da yaran unguwa ke kira na? Ɗan mai ƙuli. Ke kika share min hawaye kika ce sana'a ba abin kunya ba ce. Ban manta ba. Ban zo in saɓa miki ba, Yaya. Roƙonki na zo yi mu tafi tare, don da bakinki aka mayar musu da goro."

Gwaggo ta yi ta kallon furfurar da ke gemun ƙanenta. Suna nan a haka har Ƙasimu ya je ya dawo, ana jin motar tana ruri a waje.

Can Gwaggo ta ɗaga murya.

"Turai! Ɗauko mini mayafina da takalmina."

Turai ta kawo, ta durƙusa ta ajiye. Gwaggo ta yafa mayafi, ta zura takalmi, ta bi ta gefen Alhaji ta fice ba ta kalli kowa ba. Duk gidan suka biyo ta zaure.

Tasha tana hannun hagu. Motar tana hannun dama.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi hagu, ta ja dogon numfashi. Sannan ta juyo ta daka wa direba tsawa.

"Kai Ƙasimu, tsayuwar me kake yi? Buɗe min baya!" Ta nuna Alhaji da yatsa. "Kai kuma ka sani, ko na je ba zan ce komai ba. Zama kawai zan yi."

"Ya isa, Yaya."

Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta sake tsayawa, ta waiwayo wajen Hajiya a fusace.

"Kaltume, haka za mu shiga gidan mutane hannu biyu? Ina kwakwar da kuka ɗebo?"

Turai ce ta ruga ciki. Tana gudu tana kuka tana dariya, ta cika zanen goyo da kwakwa har ya fi ƙarfinta.